Makabartar Graceland: Inda attajiran Shikago suke kwance da mutanen da suka ja da su

A watan Oktoba na shekarar 1897 aka yi wata jana'iza a birnin Shikago na ƙasar Amurka wadda ta fi kama da aikin gina gada. Mamacin shi ne George Pullman, attajirin da kamfaninsa ke ƙera taragon jirgin ƙasa masu gadajen kwana. An sanya gawarsa a akwatin katako da aka lulluɓe cikinsa da dalma, aka naɗe akwatin da takarda mai kwalta, aka saukar da shi cikin rami mai faɗin ɗaki, aka zuba kankare, aka jera ƙarafan layin dogo a kai, sannan aka sake zuba wani kankaren. Aikin ya ci kwana biyu. Iyalinsa tsoro suke yi kada ma'aikatan da ya yi rigima da su shekara uku kafin nan su tone gawar su wulaƙanta ta.

Wanda ya ziyarci wurin a yau ba zai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da ke sama dogon ginshiƙi ne irin na tsoffin Girkawa, da kujerun dutse masu lanƙwasa a dama da hagu, kamar ana gayyatar mai wucewa ya zauna ya huta. Wannan tazara tsakanin abin da aka nuna wa ido da abin da aka binne a ƙasa ita ce ta sa makabartar Graceland ta cancanci a yi mata ziyara irin ta mai bincike, don a cikinta ne akasarin manyan mutanen da suka taka rawa a rikicin da ya haifar da Ranar Ma'aikata ta Duniya suke kwance, wasunsu tafiyar mintuna kaɗan tsakaninsu.

Makabarta mai kama da unguwar masu hannu da shuni

Wani lauya mai suna Thomas Bryan ne ya kafa Graceland a 1860, a wani fili da a lokacin yake bayan gari, arewa da Shikago. Tsohuwar makabartar birnin tana gaɓar tafkin Michigan, inda mutanen gari ke samun ruwan sha, kuma likitoci sun daɗe suna gargaɗin cewa hakan hatsari ne ga lafiya. Da aka rufe ta aka mayar da wurin lambun shaƙatawa na Lincoln, sai aka kwashe gawawwaki da dama zuwa sababbin makabartu, ciki har da Graceland. Yanzu birni ya riga ya haɗiye ta. Faɗinta ya kusa eka 120, jirgin ƙasan cikin gari yana bi ta gefenta na gabas, kuma shiga kyauta ne.

Ga wanda ya saba da makabartun ƙasar Hausa, inda kabarin attajiri da na ɗan dako duk tudun ƙasa ne iri ɗaya, tsarin wurin yana buƙatar ɗan bayani. A ƙarni na 19 wani salo ya yaɗu daga Turai zuwa Amurka, na mayar da makabarta lambu mai bishiyoyi da tafki da hanyoyi masu lanƙwasa. Makabartar Père Lachaise ta birnin Faris, wadda aka buɗe a 1804, ita ce ta share fage, sai Mount Auburn kusa da Boston a 1831. Iyalai kan je irin waɗannan wurare ranar Lahadi su sha iska. Filayen binnewa kuma sayar da su ake yi kamar fulotai, kuma kamar kowace unguwa, akwai layin manya. A Graceland layin manya shi ne kewayen ɗan tafkin da ake kira Willowmere.

Kuɗin da ya gina hubbarorin da ke wurin sabon kuɗi ne. A 1840 mutanen Shikago ba su kai 5,000 ba. Zuwa 1890 sun haura miliyan ɗaya. Layukan dogo sun mayar da garin mahaɗar hatsi da katako da shanu da aladu na tsakiyar Amurka, kuma waɗanda suka riƙe wuyan wannan ciniki sun tara dukiyar da iyayensu ba su taɓa mafarkinta ba. Ba su da sarauta, ba su da tsohon asali da za su yi tinƙaho da shi. Saboda haka suka aro tsufa daga wasu: ginshiƙan Girka, dalar Masar, hubbarorin Rum. Pullman da babban ɗan kasuwa Marshall Field da sarkin mahauta Philip Armour maƙwabta ne a titin Prairie lokacin da suke raye, kuma dukkansu Graceland aka kai su.

Mafi girma a wurin shi ne hubbaren Potter Palmer, mai otal ɗin Palmer House, da matarsa Bertha. An gina shi a siffar ɗakin bautar Girkawa, a kan tudu mai kallon tafkin, da akwatunan dutse biyu a tsakiyar ginshiƙai. Peter Schoenhofen, mai kamfanin giya, dala aka yi masa, da mutum-mutumin mala'ika a gefe guda na ƙofa da na dabbar nan ta Masar mai jikin zaki da kan mutum a ɗaya gefen, tamkar iyalin sun kasa zaɓar addinin da za su dogara da shi sai suka ɗauki biyu. Amma wanda masana gine-gine ke zuwa gani daga nesa ƙarami ne: hubbaren da ɗan kasuwar katako Henry Getty ya sa Louis Sullivan ya zana wa matarsa a 1890. Gini ne mai kusurwa huɗu, rabinsa na ƙasa sumul, rabinsa na sama cike da sassaƙa mai laushi kamar aikin zanen ƙwarya, da ƙofar tagulla da shekaru suka mayar koriya. Kyansa ba abin musu ba ne. Sullivan ɗin kansa, wanda ake kira uban dogayen gine-ginen zamani, ya mutu a 1924 cikin talauci a ɗakin wani otal, kuma sai bayan shekaru abokan sana'arsa suka yi karo-karo suka sa masa dutse a wannan makabarta.

Garin da mutum ɗaya ya mallaka

Wanda ya zana ginshiƙin kabarin Pullman, Solon Beman, shi ne kuma ya zana garin da Pullman ya fara ginawa a 1880 a kudancin Shikago, ya sanya masa sunansa. A ido, garin abin sha'awa ne: gidajen jan bulo, ruwan famfo, magudanan ruwa, ɗakin karatu, filayen wasa, a zamanin da akasarin ma'aikatan birnin ke cushe a ɗakuna marasa iska. Sai dai komai na kamfani ne. Ba a sayar wa ma'aikaci gida, haya kawai. Kamfani ke sayar da ruwa da iskar gas, shi ke da ginin coci yana ba da shi haya, kuma an tsara garin ne don ya riƙa kawo riba kamar kowane reshe na masana'anta.

Da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 1893, Pullman ya sallami dubban ma'aikata, ya zaftare wa sauran kusan kashi ɗaya cikin huɗu na albashi, amma bai rage kuɗin haya ba, kuma masu hannun jari suka ci gaba da karɓar ribarsu yadda suka saba. Ma'aikata suka tura wakilai su gana da shugabannin kamfani. Jim kaɗan bayan ganawar aka kori uku daga cikin wakilan. A ranar 11 ga Mayu, 1894, aka fara yajin aiki.

Da rikicin ya tsaya a ƙofar masana'anta, da tarihi bai damu da shi ba. Amma ƙungiyar ma'aikatan jiragen ƙasa da Eugene Debs ke jagoranta ta yanke shawarar cewa daga 26 ga Yuni 'ya'yanta ba za su taɓa duk jirgin da ke jan taragon Pullman ba. Cikin kwanaki zirga-zirgar jirage daga Shikago zuwa yammacin ƙasar ta tsaya. Pullman ya ƙi amincewa da sasanci ko kaɗan. Ministan shari'a na lokacin, Richard Olney, wanda tsohon lauyan kamfanonin jiragen ƙasa ne, ya samo umarnin kotu da ya haramta yajin aikin, bisa hujjar cewa ana hana wasiƙun gwamnati tafiya. Shugaba Grover Cleveland ya tura sojoji Shikago a farkon Yuli. Kusan mutum 30 suka mutu a tarzomar da ta biyo baya a birnin da kewayensa, yajin aikin ya karye, aka ɗaure Debs wata shida. Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɗaurin a 1895, kuma babban alƙalinta na wancan lokaci, Melville Fuller, shi ma a Graceland yake kwance.

Pullman ya yi nasara, amma nasarar ta cinye sunansa. Kwamitin binciken da Cleveland ya kafa ya soki yadda kamfanin ya tafiyar da al'amarin, kuma a 1898, shekara guda bayan mutuwarsa, Kotun Ƙolin jihar Illinois ta umarci kamfanin ya sayar da duk kadarorin garin da ba na masana'anta ba.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya kamata a faɗa, ko da ba ya yi wa ƙungiyar ƙwadagon daɗi. Pullman ya ɗauki dubban baƙaƙen fata, da yawansu waɗanda aka 'yanta daga bauta, a matsayin masu hidima cikin taragonsa, a kan ƙaramin albashi da dogayen sa'o'i. Fasinjoji kan kira kowannensu George, sunan mai kamfanin. Ƙungiyar Debs ta ƙi karɓar baƙar fata a cikinta, don haka waɗannan ma'aikata ba su da dalilin mara mata baya. Sai a 1925 suka kafa tasu ƙungiyar a ƙarƙashin A. Philip Randolph, kuma sai a 1937 kamfanin ya sa hannu kan yarjejeniya da su.

Kwana huɗu na watan Mayu

Filin iyalan McCormick ba shi da hubbare mai ɗaukar ido. Faffaɗan fili ne da ƙananan duwatsu, wanda kuma wata hanya ce ta nuna arziki, tunda a wurin da ake sayar da ƙasa taku-taku, barin fili haka nan sai mai hali. Cyrus McCormick, wanda ya shahara da injin girbin alkama, ya kafa masana'antarsa a Shikago a 1847, ya mutu a 1884, ɗansa mai sunansa ya gaje shi. A Fabrairun 1886 ɗan ya rufe wa ma'aikatansa ƙofa, ya ɗauki sababbi, 'yan sanda na gadinsu.

Wannan ya zo daidai da wani babban yunƙuri. Tun 1884 gamayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta tsayar da 1 ga Mayu, 1886, a matsayin ranar da aikin awa takwas zai fara, a lokacin da awa goma ko fiye, kwana shida a mako, shi ne abin da aka saba. Da ranar ta zo, dubban ɗaruruwa suka ajiye aiki a faɗin ƙasar, kuma Shikago ce cibiyar. Ranar 3 ga Mayu 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu yajin aiki a ƙofar masana'antar McCormick, suka kashe aƙalla mutum biyu. Washegari da dare aka kira gangamin nuna fushi a dandalin Haymarket. Magajin garin, Carter Harrison, ya je da kansa, ya saurari jawabai, ya shaida wa shugaban 'yan sanda cewa taron lafiya lau yake, ya tafi gida. Bayan tafiyarsa, lokacin da jama'a suka riga suka fara watsewa, 'yan sanda kusan 180 suka zo tarwatsa sauran. Wani ya jefa bam. Aka shiga harbi a cikin duhu. 'Yan sanda bakwai da fararen hula aƙalla huɗu suka rasa rayukansu.

Har yau ba a tabbatar da wanda ya jefa bam ɗin ba. Duk da haka aka gurfanar da mutum takwas daga cikin masu aƙidar rushe ikon gwamnati da na jari, akasarinsu baƙin haure daga Jamus, wasunsu ma ba sa wurin lokacin da bam ya tashi. Hujjar masu gabatar da ƙara ita ce maganganunsu da rubuce-rubucensu ne suka tunzura wanda ya aikata. An yanke wa bakwai hukuncin kisa. Da aka fara neman a yi musu sassauci, wani babban ma'aikacin banki, Lyman Gage, ya tara manyan 'yan kasuwar birnin don su mara wa roƙon baya. Marshall Field ya ƙi, kuma babu wanda ya so ya yi ja-in-ja da mutumin da ya fi kowa kuɗi a garin. Gwamna ya sassauta wa biyu zuwa ɗaurin rai da rai, ɗaya ya kashe kansa a kurkuku, aka rataye huɗu ranar 11 ga Nuwamba, 1887: August Spies, Albert Parsons, Adolph Fischer da George Engel.

Abin tunawa da Field a Graceland yana cikin mafi natsuwa a wurin. Mutum-mutumin wata mace ce zaune, an sanya mata suna Tunawa, aikin Daniel Chester French da Henry Bacon, mutum biyun da daga baya suka yi babban ginin tunawa da Abraham Lincoln a Washington. Field ya ba da dala miliyan ɗaya aka kafa gidan adana kayan tarihin da ke ɗauke da sunansa, ya bar masa wasu miliyan takwas a wasiyya, ya kuma ba da filin da aka fara gina Jami'ar Shikago. Waɗannan kyaututtuka na gaske ne, kuma yaran birnin suna cin moriyarsu har gobe. Gaskiya ce kuma cewa ƙungiyar manyan 'yan kasuwa da yake cikinta ta sayi fili a arewacin birnin ta miƙa wa gwamnatin tarayya a 1887 don a kafa barikin soja na Fort Sheridan, saboda sojoji su kasance kusa idan ma'aikata suka sake tashi. A 1894 sojojin wannan bariki suna cikin waɗanda aka tura kan masu yajin aikin Pullman. Mai ziyara da ya san ɗaya daga cikin labaran biyu kawai, kowanne ne, bai san Field ba.

Ba da nisa ba akwai dogon dutsen Allan Pinkerton, wanda ya kafa kamfanin 'yan leƙen asiri da masu gadi da attajirai suka riƙa haya don karya yajin aiki. Abin mamaki, a ƙuruciyarsa a Sikotilan shi ma ɗan gwagwarmayar neman 'yancin zaɓe ga talakawa ne. Bayan jinin da aka zubar tsakanin mutanen kamfaninsa da ma'aikatan ƙarfe a Homestead a 1892, majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 1893 da ta hana gwamnatin tarayya hayar su.

Gwamnan da ya sa hannu

A cikin wannan jerin masu dukiya akwai kabarin John Peter Altgeld, wanda bai kai ko kusa da hubbarorin kewayen tafkin ba wajen girma. An haife shi a Jamus, ya taso cikin talauci a Ohio, ya zama gwamnan Illinois a 1893. Ya karanta takardun shari'ar Haymarket, kuma a ranar 26 ga Yuni na wannan shekara ya yi wa mutum ukun da suka rage a kurkuku cikakkiyar afuwa. Bai ce ya tausaya musu ba ne kawai. Ya rubuta dogon bayani cewa an zaɓo masu taya alƙali yanke hukunci daga cikin waɗanda suka riga suka yanke nasu hukuncin, cewa alƙalin ya nuna son kai, kuma ba a kawo shaidar da ta haɗa waɗanda ake tuhuma da mai jefa bam ba. Jaridu suka yi masa ca, ciki har da Chicago Tribune ta Joseph Medill, wani mazaunin Graceland ɗin. Shekara guda bayan haka ya sake jan layi da Shugaba Cleveland, ɗan jam'iyyarsu, yana cewa tura sojoji jiharsa ba tare da ya nema ba ya saɓa wa tsarin mulki. Ya faɗi zaɓe a 1896, dukiyarsa ta salwanta, ya mutu a 1902.

Daga nan ne labarin ya tsallaka teku. A 1889 taron jam'iyyun gurguzu da ƙungiyoyin ƙwadago da aka yi a Faris ya tsayar da 1 ga Mayu a matsayin ranar zanga-zangar neman aikin awa takwas a duniya baki ɗaya, kuma tunawa da mutanen Shikago ta manne wa ranar. A Najeriya gwamnatin jam'iyyar PRP ta jihar Kano a ƙarƙashin Abubakar Rimi ce ta ayyana ta ranar hutu a 1980, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. Amurka kuwa, inda abin ya faru, ba ta hutu a wannan rana. Tata ranar ma'aikatan Litinin ɗin farko ce ta watan Satumba, kuma Cleveland ya sa hannu kan dokar ne ranar 28 ga Yuni, 1894, kwana biyu da fara ƙauracewa taragon Pullman, 'yan kwanaki kafin ya tura sojoji.

Waɗanda aka rataye ba su cikin Graceland. Wanda ke son ganin kabarinsu sai ya fita ya nufi yamma da birnin, zuwa Forest Park, inda tsohuwar makabartar Jamusawa ta Waldheim take, wadda yanzu take cikin makabartar Forest Home. A can akwai mutum-mutumin tagulla na wata mace tsaye, tana ɗora kambin ganye a kan wani ma'aikaci da ya faɗi. Da karo-karon ma'aikata aka gina shi, aka buɗe shi ranar 25 ga Yuni, 1893, kwana ɗaya kafin afuwar Altgeld. Tun daga lokacin 'yan gwagwarmaya da dama suka nemi a binne su a kusa da shi, ciki har da Emma Goldman a 1940 da Lucy Parsons, matar Albert Parsons, wadda ta shafe fiye da shekara hamsin tana faɗa wa duniya cewa an zalunci mijinta kafin ta rasu a 1942. A 1997 gwamnatin Amurka ta sanya wurin cikin jerin manyan wuraren tarihi na ƙasa. A bayan dutsen an rubuta sunayen mutanen, tare da wani allon tagulla mai ɗauke da ɓangare na takardar afuwar gwamnan, kuma duk ranar 1 ga Mayu 'yan ƙwadago kan taru a gabansa su ajiye jajayen furanni.